Yadda za ka mayar da ƙaramin babur irin na da, da hannunka a gida

Babur ɗin da na fara gwada wannan aiki a kansa, tun ranar farko na yanke masa gindi. Ko kunna shi ban yi ba. Na ga hoton wani a waya, jinina ya hau, na ɗauko injin yankan ƙarfe na datse firam ɗin baya. Sai da na zo ɗora sirdi na gane na wuce wuri da kusan faɗin yatsu uku, har na taɓa gefen inda shokazoba ke ɗaure. Mai walda ya sha wahala kafin ya mayar mini da abin da na zubar cikin minti biyu. Saboda haka a jagorar nan yanka zai zo can tsakiya, bayan ka yi abubuwan da ba su da daɗin yi amma su ke riƙe aikin.

Wane irin na da kake so?

Siffar da aka fi sani ita ce kafe resa. A Ingila ta samo asali, cikin shekarun 1950 da 1960, lokacin da samari ke taruwa a wuraren shan shayi na bakin hanya irin su Ace Cafe da ke Landan, suna tsere daga wannan zuwa wancan. Burinsu babur ya kai mil 100 a awa, wajen kilomita 160 ke nan. Don haka suka riƙa cire duk abin da ke ƙara nauyi, suka sauke kan babur ƙasa don mahayi ya kwanta a kan tanki, suka yi sirdi na mutum ɗaya mai tozo a baya. Wasu har injin Triumph suke ɗorawa a firam ɗin Norton, su kira shi Triton. Akwai kuma salon da ya ɗauki sunan wani shago na Tokyo, Brat Style: sirdi shimfiɗaɗɗe mai ɗaukar mutum biyu, kai madaidaici, madigadi gajere. Na uku shi ne sikirambula, mai tayoyi masu haƙora da salansa da aka ɗaga sama saboda hanyar ƙasa.

In wannan ne aikinka na farko, shawarata ka bi salon shimfiɗaɗɗen sirdi. Ya fi sauƙi, ya fi yafe kuskure, kuma bayanka ba zai riƙa ciwo ba. Kafe resa yana da kyau a hoto, amma a kan injin 125 za ka kwanta kamar mai gudun duniya alhali da ƙyar kake kai 90 a awa.

Zaɓen babur

Nemi mai firam na bututu, shokazoba biyu a baya, wili mai sifok, da injin da iska ke sanyayawa. Honda CG125 da ɗimbin baburan da aka kwaikwaya daga gare shi sun dace ƙwarai. Tun 1975 Honda ta fito da shi, kuma da gangan ta yi masa inji mai sauƙi wanda ke jure rashin kulawa, shi ya sa kayansa ba sa wuyar samu. Suzuki GN125 ma yana karɓar aikin, sai dai firam ɗinsa ya ɗan lotsa a wajen sirdi, miƙar da layinsa na buƙatar ƙarin dabara. Irin Super Cub kuwa jikinsa falankin ƙarfe ne da aka matse, yankansa wani karatu ne daban.

Kafin ka biya, duba lambar firam da ta inji su yi daidai da takardu. Ka tsaya a bayansa ka leƙa ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Firam da ya taɓa lanƙwasa a hatsari babu fentin da zai gyara shi. Sannan ka bincika dokar ƙasarka game da sauya firam da launi da ƙarar salansa, domin wasu wuraren sai an sake duba babur an gyara takarda.

Ya fara tafiya lafiya tukuna

Hau shi yadda yake na sati ɗaya ko biyu. Canja baƙin mai, sa sabon fulogi, wanke kafireto, daidaita bawul idan inji ya huce (a CG125 tazarar milimita 0.08 ce, amma kowane babur da littafinsa). Saurari ƙararsa. Hayaƙi shuɗi daga salansa alama ce inji na cin mai, ringi ko fistin na neman aiki. Dalilin yin wannan yanzu shi ne, in ka wargaza babur bai da lafiya, ranar da ka haɗa ya ƙi tashi ba za ka san ko tsohuwar cuta ce ko kai ka jawo sabuwa ba.

Wargazawa

Ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, musamman inda wayoyi suka bi da yadda kebul ɗin totur da na kuloci suka ratsa. Kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da rubutu a jiki. Kowane soket na waya ka liƙa masa tef ka rubuta inda ya fito. A ranar za ka ga kamar ba za ka manta ba. Bayan wata biyu za ka tsinci kanka da noti a hannu kana kallonsa yana kallonka.

Cire sirdi, robobin gefe, kariyar ɗora kaya, madigadin baya, sigina da fitila. Bar tanki, inji da tayoyi a jiki. Kada ka zubar da komai sai aiki ya ƙare.

Layi, da aikin kwali

A nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sauri. Jingine babur a tsaye cak, ka ja baya kamar taku goma, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da tanki, ka ɗauki hoto daga gefe. Abin da ke sa ido ya ga babur ya ce na da ne shi ne layi guda miƙaƙƙe da ya taso daga ƙasan tanki, ya bi ƙasan sirdi har ƙarshe, kusan a kwance daidai da ƙasa. In wannan layi ya karye, ko ka zuba masa kayan ado na duniya zai fito kamar an haɗa shi da guntayen babura uku.

Ɗaura zare daga gaban tanki zuwa baya ka gani. Sau da yawa za ka tarar bayan tanki ya faɗa ƙasa ko gabansa ya ɗaga. Ƙaramin ƙarfe da za a ƙara a mazauninsa na baya ya isa ya daidaita shi. Sai ka yanko kwali ka yi siffar sirdi, ka manna da salatif, ka sake ja baya ka duba. Rage, ƙara, sake dubawa. Fitilar gaba kada ta haura saman tanki sosai, kuma wutsiyar sirdi ta tsaya daidai tsakiyar tayar baya ko ta wuce kaɗan. Ni nakan bar kwalin a jiki kwana biyu ko uku, ina wucewa ina kallo. Abin da ya burge ni da daddare sau da yawa da safe sai in ga bai yi ba, kuma kwali ba ya jin ciwon almakashi.

In za ka canja tanki, auna ramin da ke ƙarƙashinsa ka tabbata zai hau kan ƙashin bayan firam, famfon mai ba zai bugi inji ba, kuma in ka juya kai har ƙarshe ba zai daki tankin ba. Tsohon tanki mai tsatsa a ciki, zuba masa ruwan tsami na binega ya kwana biyu, ka jefa ƴan noti ka girgiza, ka ɗauraye sosai, ka busar nan take, sannan ka sa ƙaramar matatar mai a tiyo. Walda a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, kada ka kusance ta a gida. Tankin da ya bushe ƙaƙas ma tururin da ya rage a ciki ya isa ya fashe.

Yanka da walda

Yanzu ka ɗauko injin yanka. Ƙa'idar ita ce a yanke bayan inda shokazoba ke ɗaure, a bar tazara, kuma kada a taɓa ƙarfen da ya haɗa ɓangarorin firam biyu a wajen. Zana layi da tef a kowane gefe, ka auna daga wuri ɗaya tabbatacce, misali notin shokazoba, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Yanke da saura; ragewa na da sauƙi. Sa tabarau da safar hannu, ka cire tanki da batir ka kai su nesa da tartsatsi.

A bakin da ka yanke za a sa lanƙwasasshen bututu mai siffar kofaton doki, kaurinsa daidai da na firam. Haɗin ƙwarai shi ne a zura guntun ƙarfe a cikin bututun biyu ya shiga kowane ɓangare, sannan a yi walda a kai. Wannan wurin nauyin mutum zai ɗauka, don haka in hannunka bai faɗa a walda ba, tura firam ɗin wurin wanda ya iya. Ba a koyon walda a inda rai zai zauna. Kafin a kunna injin walda a cire CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi) da rektifaya (mai gyara wutar cajin batir), wutar na iya ƙona su.

Ga gwajin da bai kamata ka tsallake ba. Kwance shokazoba biyun, ka ɗaga tayar baya sama har iyakar inda za ta kai in an faɗa rami da kaya. Tsakanin taya da sabon ƙarfen, da ƙasan sirdi, da duk tiren da za ka sa, dole a sami sarari aƙalla faɗin yatsa biyu. Wanda ya manta da wannan, ranar da ya ɗauki mutum a baya zai ji taya na gurzar sirdi.

Ƙananan kunnuwan ƙarfe da suka rage na robobin gefe, ka goge su da injin gurza har su saje, amma a hankali kada ka ci naman bututun. Lambar firam kuma kada faifan injin gurza ya kusance ta.

Sirdi

Ƙasan sirdi ana yinsa da falankin ƙarfe ko faiba. Na faiba ya fi bin siffar firam: rufe wurin da tef da takardar alminiyam, shafa ɗan man gyaran fenti don kada ya kama, ka shimfiɗa faiba hawa uku ko huɗu da ruwan haɗinsa, ka bari ya bushe, ka ɓamɓaro ka gyara gefuna. Dasa notin da za su riƙe shi tun kafin soso ya hau.

Soso ka nemi mai tauri, irin wanda aka matse daga gutsattsari, ka ɗora siriri mai laushi a sama. Soso mai laushi zalla minti ashirin ya isa ka ji ƙarfe. Doguwar wuƙa mai haƙora tana yanka shi da kyau, sanfefa mai kaushi kuma ta fitar da siffa. Rufin kuwa, leda mai kama da fata ta fi jure ruwa da rana. Launin ƙasa-ƙasa da ɗinkin layi-layi a kwance shi ke ba da kamannin da. Wannan ɗinki ka kai wa mai ɗinkin kujerun mota, keken gida ba ya iya shi.

Kai, ƙafa da tayoyi

Yawancin ƙananan babura kaurin kansu milimita 22 ne, don haka samun wani ba wuya. In kana son irin wanda ake ɗaurewa kai tsaye a jikin shokazoban gaba, auna kaurin bututun da kyau kafin ka saya. Da ka sauke kai, kebul za su yi tsawo su lanƙwashe. Sake musu hanya ko ka sa gajeru, sannan ka kunna inji ka juya kai dama da hagu har ƙarshe. In ƙarar inji ta ƙaru da kanta, kebul ɗin totur na ja, kuma wannan kisa yake yi. Totur ya riƙa komawa da kansa da zarar ka sake shi, ko ta ina kai ya juya.

Tunda ka riga ka kwance gaban, canja boris ɗin wuya da man shokazoban gaba. In za ka canja shokazoban baya kuwa, auna tsohon daga ido zuwa ido. Ƙarin santimita ɗaya ko biyu na ɗaga gindi ya gyara tsayuwa, fiye da haka sarƙa za ta fara cin roba da ƙarfe.

Kowa na son taya mai kauri, na sani. Amma wilin waɗannan babura siriri ne, an yi shi don taya irin 2.75 ko 3.00 a inci 18 ko 17. In ka cusa masa 4.00, tayar za ta tsuke ta yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu, nauyi ya ƙaru a kan injin da dama ba shi da ƙarfin kirki. Hawa mataki ɗaya ya wadatar. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2321 na nufin sati na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe, ko da haƙoranta na nan.

Madigadin gaba ka rage tsawonsa in kana so, amma kada ka cire shi gaba ɗaya. Ƙarfen da ke riƙe shi yana haɗa ƙafafun gaba biyu, in babu shi gaban na murɗewa lokacin birki. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Birkin kansa a sa masa sabon takalmi da sabon kebul.

Wayoyi

Mutane na son a ga sarari fayau a ƙarƙashin sirdi, inda batir da akwatin iska suke. Ana yin haka da ɗan tire marar zurfi a ƙarƙashin sirdi, a kwantar da ƙaramin batir busasshe da fiyus da CDI a ciki. Rektifaya dai a bar shi inda iska ke bugunsa, yana zafi. Duk wayar da ka yanke ka haɗa ta da dalma ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da tef girgiza za ta warware shi.

Abu biyu ke ba sababbi mamaki. In ka sa sigina na LED za su riƙa ƙiftawa da sauri ko su tsaya cak, sai ka canja filasha, wato ƴar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, zuwa wadda aka yi dominsu. Sannan a yawancin ƙananan babura fitilar gaba daga kwayil take shan wuta kai tsaye, ba ta batir ba, kuma kwan LED da ba a yi shi don irin wannan wuta ba zai yi ta rawa ko ya mutu. Bincika naka kafin ka saya, ka kuma duba ko ƙarfin wutar babur ɗin bolt 6 ne ko 12, tsofaffi da yawa 6 ne. Fitila zagayayya mai gilashi, ko da kwan talaka ne a ciki, ta fi dacewa da siffar.

Numfashin inji

Cire akwatin iska a sa ƙaramar matata a bakin kafireto na da kyan gani, amma yana sauya lissafi. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, inji ya riƙa zafi yana shaƙewa in ka murɗa. Haka in ka sa salansa mai buɗaɗɗen ciki. Maganin shi ne ƙara girman jet, wato ɗan noti mai huji da fetur ke bi a cikin kafireto, mataki-mataki, kana hawa kana kwance fulogi kana dubawa. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma haka ake huda fistin. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Gaskiya in babur ɗin na zirga-zirgar kullum ne, musamman inda ƙura ko ruwan sama ke da yawa, ni akwatin asali nake bari in yi masa baƙin fenti ya ɓace wa ido. Ƙyallen da ake naɗe salansa da shi ma yana riƙe danshi ya cinye bututun a ɓoye. Fenti mai jure zafi ya fi shi amana.

Fenti sai an gama komai

Haɗa babur gaba ɗaya ba fenti, ka hau shi, ka tabbata babu sauran walda ko huji. Sannan ka sake wargazawa. Na san da ciwo, amma ya fi ka ga ana walda a kan sabon fenti.

Wanke maiƙo tas. Goge da sanfefa mai lamba 180, ka cike lotsawa da foti, ka bi da 320 zuwa 400, ka fesa faraima, ka sake bi da 600 ko 800 da ruwa. Fesa launi siriri-siriri sau uku ko huɗu daga nisan kamar taƙi ɗaya, hannu na tafiya ba tsayawa. Tanki na buƙatar rufin ƙarshe mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K, domin fentin gwangwani na yau da kullum ɗigon fetur ɗaya ke narkar da shi. Sai dai 2K guba ne ga huhu: a fili za ka fesa, da abin rufe hanci mai matatar sinadari, ba ƙyalle ba. Launi biyu sun isa. Baƙin firam, tanki kore mai duhu ko ruwan madara ko ja mai duhu, da siririn layi guda.

Wajen haɗawa, kankare fenti a duk inda wayar ƙasa ke ɗaure da firam har ƙarfe ya fito. Babura da yawa sun ƙi tashi bayan fenti saboda wannan kaɗai, mai su yana ta zargin kwayil.

Hawan farko

Bi kowane noti da sifana, musamman na tayoyi, inji, birki da kai, ka ɗiga maganin hana kwancewa a waɗanda girgiza ke taɓawa. Sarƙa ta sami wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Auna batir inji na aiki, in na bolt 12 ne ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Gwada fitilar birki, ham, sigina, madubi, da hasken lamba. Sa hular kwano, ka fara a wurin da babu motoci, a giya ta ɗaya da ta biyu, kana kama birki akai-akai. Bayan kilomita goma ka tsaya ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, ka taɓa wayoyi ko suna zafi, ka shinshina ko roba na ƙonewa. Bayan kilomita hamsin ka sake bin notin duka. Za ka tarar biyu ko uku sun saki, kuma galibi na salansa ne da na sirdi.